Kwalabe Tara na Baba Yunana

Duk wanda ya yi karatun sinadaran abinci a wancan ɗakin gwaje-gwaje na jami'a a Samaru, daga ƙarshen shekarun saba'in zuwa wajen 2009, ya san Baba Yunana. Shi ne ɗan siririn mutumin nan mai farar rigar aiki da ta sha bula, wanda kullum za ka tarar tsaye gaban famfo ya ɗaga kwalba sama yana leƙenta ta hasken taga kamar mai zaɓen ƙwai. A takarda, mai kula da ɗaki ne. A zahiri kuwa shi ke wanke gilasai, shi ke haɗa ruwan gwaji, shi ya san ma'aunin da ke ƙarya da wanda ke faɗin gaskiya, shi ne kuma mai lallashin ɗalibi in ya fasa abu.

Mutumin wani ƙauye ne ta wajen Giwa. Iyayensa manoma ne masu bin addinin gargajiya, shi ya fara shiga coci a gidansu, ya kuma yi firamare har aji bakwai. Da tsintsiya aka ɗauke shi aiki a 1979. Wani tsohon ma'aikaci ya lura ba ya barin ƙura ko a bayan kabad, sai ya jawo shi gaban famfo ya koya masa wankin gilashi. Daga nan bai ƙara matsawa ba, bai kuma nemi matsawar ba. Ya yi gida a Hanwa, a keke yake zuwa aiki, matarsa Tabita kuwa tana matsar man gyaɗa tana tuyar ƙuli-ƙuli. Ba shi da girman kai, amma yana da abin alfahari guda ɗaya, kuma ya ishi kowa da shi. "Shekara ashirin da bakwai," in ji shi, sai ɗalibai su ƙarasa masa a tare, "ban taɓa ɓata wa kowa aiki ba." Abin haushin shi ne gaskiya yake faɗa.

A daminar 2006 ne Scholastica ta shigo hannunsa. Malamar sakandare ce daga wajen Kwoi, an ba ta hutun karatu na shekara biyu, yajin aiki ya ja shi zuwa uku, kuma an rubuto mata cewa ranar ƙarshe ta Satumba ko ta koma aji ko ta bar aikin. Digiri na biyu take nema, aikin gwajin nan kaɗai ya rage mata.

A kan man kifi take aiki. Mai ne mai amfani ga zuciya da ƙwaƙwalwa, sai dai abin da ya sa ya yi amfani shi ya sa bai da ƙarko. Iska ta taɓa shi ya yi gafi, haske ya taɓa shi ya yi gafi, wuta kuwa ba a ma maganarta. Shi ya sa ba a iya tace mai kyan daga cikinsa da dafuwa, sai da wani sinadari da ake kira inzayim, wanda ke aikinsa a hankali cikin ruwa mai ɗumin jikin mutum. Malamarta, Dokta Bolanle, ita ta zo da shi daga wani taro a ƙasar waje, a 'yar kwalba da ba ta wuce babban yatsa ba. Farin gari ne mai tsaki-tsaki. Ba a sayar da shi a Zariya, ba a sayar da shi a Kaduna, in ya ƙare ya ƙare.

Scholastica ta yi makonni tana jigilar kawunan kifin ƙanƙara daga kasuwar Sabon Gari har ta tara mai. Aka zuba masa kashi uku cikin huɗu na garin, wani inji ya kwana biyu yana juya shi, aka samu abin da bai cika rabin lita ba, garau kamar zuma. Shirin shi ne a raba shi a kwalabe ashirin da huɗu masu duhu, rabi a ɗiga musu ruwan citta, rabi a bar su haka nan, a rufe a kabad, a riƙa aunawa duk mako a ga ko citta na hana gafi. Cittar ma daga gonar mahaifinta aka kawo ta.

Da aka ƙirga kwalabe masu duhu, goma sha biyar aka samu.

"Kar ki damu, 'yata," in ji Baba Yunana. "Wannan nawa ne."

Ya hau kekensa ya bi ta Kwangila ya shiga Sabon Gari, layin masu tsofaffin kwalabe, ya zaɓo goma na maganin tari, masu duhu, girmansu ɗaya da na ɗakin. Matsalar ita ce maganin ya bushe ya daskare a gindinsu. Burushin ɗakin ya yi sanƙo tun bara, asid ɗin da ake jiƙa gilashi a ciki kuma ya ƙare ba a kawo wani ba. Ya jiƙa su kwana guda a ruwan omo, dattin ya ce yana nan. Sai ya tuna yakan ga Tabita tana jefa wani abu cikin kwalaben man gyaɗarta tana girgizawa. Ya yagi soson ƙarfe ƙanana-ƙanana, ya tura a kowace kwalba da ruwan sabulu, ya girgiza har kafaɗarsa ta yi tsami. Ya ɗauraye sau bakwai, ya bi da tataccen ruwa, ya shanya. Da ya ɗaga su ta taga, ƙal suke, har sun fi na ɗakin sheƙi. Tara aka zuba wa mai, ta goman ya ajiye a kan kanta. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma ban ga laifinsa sosai ba a nan, don a shekarun nan duka ba wanda ya taɓa tambayarsa yadda yake wanki. Tsabta kawai ake gani a yaba.

Awon ba shi da wuyar ganewa. A ɗebi ɗan mai a haɗa da ruwan gwaji da sitaci, ya koma shuɗi, sai a riƙa ɗiga masa wani ruwa daga dogon bututun gilashi har shuɗin ya ɓace. Man da ke lafiya ɗigo kaɗan yake sha. Wanda ya fara lalacewa kuwa sai ya yi ta sha.

Makon farko lafiya lau. A mako na biyu wasu kwalabe suka fara shan abin da ya wuce hankali. A na uku, in an buɗe su, wari ne ke tashi kamar na tsohon fenti. Da duk marasa citta ne suka lalace, da an yi murna. Da ma duk masu cittar ne, da an ce to, citta ba ta aiki, wannan ma sakamako ne. Amma biyar masu citta ne, huɗu marasa ita, sauran kuma suna zaune lafiya kamar ba tare aka zuba su ba. Ba kai ba gindi.

Scholastica ta maimaita awo har yatsunta suka rine. Ta rame, ta daina zuwa cin abincin rana, tana zama gaban littafinta tana bin lambobi da biro kamar za su sake magana. Baba Yunana ya damu ƙwarai, tsakani da Allah. Ya zargi ma'auni ya gyara shi. Ya zargi sitaci ya dama sabo. Ya zargi cittar, ya zargi kifin, har mai sayar da kifin bai tsira ba. Hannunsa kaɗai bai zarga ba, don wa ke zargin abin da bai taɓa ba shi kunya ba?

Ranar Juma'ar mako na huɗu Dokta Bolanle ta shigo ɗakin, ta juya shafukan littafin a tsaye. Mace ce mai adalci, amma ba ta da haƙurin shirme.

"Scholastica, abu biyu ne," in ji ta. "Ko kin cakuɗa lambobin kwalabe, ko kuma ba daga bututun nan lambobin suke fitowa ba. Ban ce wanne ba ne. Ranar Alhamis kwamitin duba ayyukan ɗalibai zai zauna. In ba ki kawo mini dalili ba kafin nan, zan rubuta cewa aikin bai yiwu ba, sauran cokali ɗaya na garin inzayim da ya rage kuma in ba wani ɗalibin."

Scholastica ta rufe littafinta. Baba Yunana, yana can gaban famfo, ya ji har ransa ya ɓaci da Dokta.

Ranar Asabar da hantsi yana zaune a tsakar gida yana gyaran sarƙar keke, Tabita na gefe tana wanke kwalaben da za ta ɗura mai. Ya ji ƙarar girgizawa, caka-caka, ya ɗaga kai. Ta juye kwalbar, sai ga ƙananan tsakuwa sun zubo a tafin hannunta.

"Au, tsakuwa kike sawa?" ya ce. "Na ɗauka soson ƙarfe ne. Ai ya fi fitar da datti."

Tabita ta dube shi kamar ya ce a zuba gishiri a kunu. "Baban Sati, soson ƙarfe na tukunya ne. Wa ke sa shi a kwalbar mai? Ko ka ɗauraye sau ɗari sai ya bar baƙinsa a ciki. Mai ba ya shiri da ƙarfe, sati biyu ya yi gafi. Tun ina yarinya innata ta taɓa marina a kan haka."

Ta ci gaba da aikinta. Shi kuwa sarƙar ta zame daga hannunsa. Man gyaɗa ma ke nan, mai ƙarfin hali, ina ga wancan da iska kaɗai ke kayar da shi? Ya ce wa kansa ai bai tabbata ba. Ranar Lahadi a coci ya riƙe littafin waƙa a buɗe, har aka gama bai san wace aka rera ba.

Litinin tun kafin bakwai ya buɗe ɗakin. Kwalaben maganin tari suna da wani ɗan zobe a gindinsu da na ɗakin ba su da shi. Ya buɗe littafin Scholastica inda ta ja wa lalatattun jan layi, ya shiga ɗaga kwalabe ɗaya bayan ɗaya yana shafa gindinsu da yatsa. Ta uku, zobe. Ta bakwai, zobe. Yana yi yana roƙon Allah ya samu ko guda ɗaya da ta saɓa. Tara ya duba, tara ɗin duk nasa ne.

Ya mayar da su yadda suke, ya rufe littafin, ya je ya buɗe famfo ya tsaya.

Nan ne inda labarin Baba Yunana ya daina yi mini daɗin faɗa. Da ƙarfe takwas Scholastica ta shigo ta rusuna ta gaishe shi, ya amsa, bakinsa ya buɗe zai ƙara wani abu, sai ya ji kansa yana tambayarta ko ta karya kumallo. Tsoro ne ya kama shi, ba wani abu ba. Ba tsoron kora ba, ya san da wuya a kore shi. Tsoron ranar da zai shigo ɗalibai su yi shiru, tsoron maganar nan tasa ta shekara ashirin da bakwai ta koma abin dariya a bakin yara. Ya yi ta saƙa da warwara. Ko Dokta za ta sauko da kanta ta ba ta cokalin, shi kuma ya wanke sababbin kwalabe yadda ya kamata, kowa ya huta? Ya riƙe wannan tunanin ya wuni da shi, alhali ya san Dokta Bolanle ba ta faɗin magana biyu.

Ranar Talata da rana Scholastica ta fita wajen masu lemar da ake biya a buga waya a bakin ƙofar makaranta. Ta dawo idanunta jawur. Ta fara tattara abin da ta ara, ta kawo masa almakashi da agogon awo.

"Na kira gida, Baba," ta ce. "Na gaya wa babana abin bai yiwu ba. Sai ya ce ko cittar tasa ce ba ta da kyau." Ta goge fuska da gefen gyale. "Kai kaɗai ka tsaya mini a wurin nan. Allah ya saka maka."

"Amin," in ji Baba Yunana. Ya karɓi almakashin ya sa a aljihun tebur.

Laraba ya kai har ƙofar ofishin Dokta, ya ƙwanƙwasa, ta ce a shigo. Ga takarda a gabanta tana rubutu. Ya tsaya yana murza hula, ya tambaye ta ko tana bukatar tataccen ruwa. Ta ce a'a ba tare da ta ɗago ba. Ya fito gumi na bin bayansa.

Da yamma Tabita ta ajiye masa tuwo, ya kai loma biyu ya ture.

"Kwana huɗu ke nan tuwona na komawa," ta ce. "Baban Sati, me ka yi?"

Ya gaya mata duka, yana kallon ƙasa.

"Tun Litinin ka sani?"

"Tun Litinin."

"Yarinyar nan 'yar wani ce. Da Martina tamu ce aka yi wa haka, me za ka ce da mutumin?" Ta ɗauke kwanon. "Gobe ka je. In ba za ka iya ba, ni zan ɗaura zanina in je, na san hanya."

Alhamis da safe ya ɗauki kwalba ta goma daga kan kanta, da ragowar soson a takarda, ya tarar da su biyun a ofis. Scholastica na tsaye, Dokta na sa hannu a wasiƙar da za ta kai wa kwamiti. Ya ajiye kayan a kan tebur. Ya zayyana musu, bai rage komai ba: layin kwalabe, burushi, soso, zoben gindi, tara cikin tara.

Dokta Bolanle ta cire tabarau. Ba ta yi faɗa ba, wanda da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta buɗe kabad ɗinta ta ɗauko wasu 'yan kwalabe biyu, ta zuba na farko a kwalbar tasa ta girgiza, ta ɗiga na biyu. Ruwan ya yi ja kamar zoɓo.

"Ƙarfe ne," ta ce. "Ko ƙwayar da ido ba ya gani ta isa ta cinye man nan." Ta ninke wasiƙar ta jefa a kwandon shara. Ta juya wajen ɗalibarta. "Na zarge ki da abin da ba ki yi ba, ki yafe ni. Goma sha biyar ɗin nan lafiyayyu ne, za mu ci gaba da su. Cokalin da ya rage naki ne, ki cike gurbin taran. Kwana arba'in gare ki, ba ranar hutu." Sannan ta dube shi. "Mista Yunana, ba zan rubuta komai a kanka ba. Da ma ni ya kamata in tambaya. Amma waɗannan kwalaben ita za ta wanke da hannunta."

"To, Dokta," ya ce.

Ya fito ya zauna a bencin baranda. Ya ji sanyi a ransa, har ya fara tunanin abin bai kai yadda ya tsorata ba. Can Scholastica ta fito ta tsaya a gabansa, littafinta a ƙirji.

"Baba, na gode da ka faɗa," ta ce a hankali. "Taimakona ka je yi, na sani. Yaushe ka gane?"

Da ya ce jiya, ba mai ƙaryata shi.

"Litinin."

Ta zuba masa ido. Ya ga leɓenta na motsi, tana ƙirgawa.

"Ranar Talata na kira babana," ta ce. "Na dawo na yi maka godiya, ka ce amin." Ba ta ɗaga murya ba. "Soson ban riƙe ka da shi ba, Baba, ko kaɗan. Kwana ukun nan ne ban san inda zan ajiye su ba."

Ta wuce cikin ɗakin. Jim kaɗan ya ji an buɗe famfonsa.

Aikin ya yiwu. Citta ta riƙe man fiye da yadda aka zata, Scholastica ta kare aikinta saura kwana shida hutunta ya ƙare, ta koma aji da digirinta. Maganar soson ba ta fita ba, don daga Dokta har ita ba mai surutu. Ɗalibai dai sun lura Baba ya daina faɗin maganar nan tasa, in sun tsokane shi da farkonta sai ya ce su kula da abin da ke kan wuta. Ya yi ritaya a 2009, aka yi masa liyafa, aka ba shi agogon bango.

A kwana arba'in ɗin nan ba ranar da Scholastica ba ta rusuna ta gaishe shi ba, Baba ina kwana, Baba sai gobe. Sai dai washegarin Alhamis ɗin ta zo da ɗan ƙaramin kwaɗo daga kasuwar Samaru ta sa wa kabad ɗin kwalabenta, ta rataya makullin a wuya. Tun da aka gina ɗakin ba a taɓa kulle wa Baba Yunana komai ba. Kullum da safe in yana goge-goge, sai ya ɗaga kwaɗon da yatsa biyu, ya share ƙurar da ke ƙarƙashinsa, ya sake shi a hankali don kada ya yi ƙara.